Wani kamfanin waje na son karɓar mujallar ƙungiyarmu: mu miƙa ko mu riƙe?

Abu_Sumayya
Assalamu alaikum. Malamai da iyayenmu na wannan zaure, shawara nake nema. Shekara uku ke nan ina mataimakin edita a mujallar wata ƙungiyar masana kimiyya a nan gida, ku yi haƙuri ba zan kama suna ba. Sau biyu muke fitowa a shekara. Lokacin da na karɓi aikin, maƙalun da ake turo mana ba su fi in zauna Asabar da Lahadi in karance su ba. Yanzu in na buɗe imel da safe sai gabana ya faɗi. Akwai waɗanda suka yi wata bakwai ban samu mai duba su ba. Makon jiya maƙala guda na aika wa mutum tara, biyu suka amsa. Na farko ya ce yana makin jarrabawa. Na biyun ya aiko mini layi ɗaya tal: aiki ya yi kyau, a buga. Alhali ni da kaina na ga jadawali na uku ya ci karo da na biyu.

Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga wani kamfanin ɗab'i na waje. Za su ɗauki komai: shafin intanet, tsara shafuka, lambar DOI (lambar dindindin da ake gane kowace maƙala da ita a intanet), har da alkawarin kai mu Scopus, babban rumbun nan da ke jera mujallun da aka amince da su a duniya. Sharaɗin shi ne marubuci ya riƙa biyan kuɗin bugawa da dala, ƙungiya ta samu kasonta, mu kuma koma fitowa duk wata, da bugu na musamman a kai a kai. Ma'ajinmu har ya fara lissafin otal ɗin da za a yi taron baɗi. Shugaba kuwa yana jan ƙafa. To manyan ƙungiyoyin kimiyya na Turai da Amurka, yaya suke yi da wannan ambaliyar maƙalu? Su ma miƙawa suka yi, ko da wata dabara?

Dakta_Maryam
Wa alaikumus salam. Malam Abu Sumayya, kafin komai, sunan mujallar na wa zai zama bayan an sa hannu? Je ka nemo wannan layin a yarjejeniyar, sannan mu yi magana.

Injiniya_Tanko
Ku karɓa kawai, malam. Mujallar da ba ta Scopus wa yake karanta ta? Ko mambobinku in sun samu sakamako mai kyau waje suke kaiwa, ku sai ragowar tukunya. Gaskiya ɗaci gare ta.

Tsohon_Edita
Abu Sumayya ɗana, na yi irin aikin nan shekara goma sha ɗaya kafin in yi ritaya, tun ana aiko maƙala ta gidan waya kwafi uku cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Bari in ɗan koma baya, domin mutane na zaton ƙungiyoyin masana sun daɗe suna cin riba da mujalla. Ba haka ba ne.

Royal Society ta Landan an kafa ta a 1660. Sakatarenta Henry Oldenburg ya fara fitar da Philosophical Transactions a 1665, kuma harkarsa ce ta ƙashin kansa, sai a 1752 ƙungiyar ta karɓe ta. Daga nan ta yi kusan shekara ɗari biyu tana zuba kuɗinta a ciki ba ta mai da uwa. Kwafi da yawa kyauta ake raba wa mambobi da ɗakunan karatu, ko a yi musaya da mujallun wasu ƙasashe. Hidima suka ɗauke shi, kamar yadda jama'ar unguwa ke yashe rijiya.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatoci suka zuba kuɗi a bincike, kasafin laburaren jami'o'i ya yi kauri, 'yan kasuwa suka hango maiƙo. Robert Maxwell da kamfaninsa Pergamon, daga 1951, shi ya nuna wa kowa hanya: ka buɗe sabuwar mujalla ga kowane ɗan ƙaramin fanni, ka ɗora babban farfesa a kujerar edita, laburare ba shi da zaɓi sai ya saya. A 1991 ya sayar wa Elsevier, babban kamfanin ɗab'in mujallu, da kamfanin nasa a kan fam miliyan 440. Ƙungiyoyin ma ba su zauna kallo ba. Wasu suka koyi sayar da nasu da tsada, wasu suka ba manyan kamfanoni riƙo suna karɓar kaso, irin tayin da aka yi maku ke nan. Yau a ƙungiyoyi da yawa kuɗin mujalla ne ke biyan taron shekara, da tallafin ɗalibai, da albashin ma'aikatan ofis. Saboda haka in ka tambaye ni yaya suke yi da ambaliyar, sai in ce da yawansu a cikinta suke kamun kifi.

Ɗan_Maradi
Baba Edita, Allah shi ƙara girma, gyara ɗaya. Faransawa sun riga su. Journal des sçavans ta fito a Paris cikin Janairu 1665, ta Oldenburg sai Maris. Ku mutanen Ingilishi kullum kuna mance wanga.

Tsohon_Edita
Na karɓi gyara, Ɗan Maradi. Amma ai ban ce ita ce ta fari ba, na ce dai ta fara a 1665. Wata biyu ne tsakani, kada a kira mana taron Tarayyar Afirka a kai.

Gwanin_Lissafi
Don a san girman abin da ake magana. Tun 1963 Derek de Solla Price ya lissafa cewa rubuce-rubucen kimiyya suna ninkawa duk shekara 10 zuwa 15, ya kuma ce hakan ba zai ɗore har abada ba. To har yau bai tsaya ba. Wani nazari na Mark Hanson da abokan aikinsa ya nuna maƙalun da ke cikin Scopus da takwaransa Web of Science sun tashi daga kusan miliyan 1.9 a 2016 zuwa kusan miliyan 2.8 a 2022, ƙarin kashi 47 cikin ɗari a shekara shida. Yawan masu binciken bai ƙaru haka ba. Ma'ana mutanen nan dai su ne ke rubutawa, su ne kuma ake roƙo su duba na wasu. Mutum taran da ka aika wa, Malam Abu, kowannensu yana da irin wasiƙarka biyar a akwatinsa.

Fizik_Zalla
Mu a fanninmu ƙungiya ce ke riƙe da ragamar har yau, don haka bari in ba da misalin American Physical Society. Physical Review ta fara a 1893 a Jami'ar Cornell, ƙungiyar ta karɓe ta a 1913. Da maƙalu suka yi yawa har sakamako mai zafi yana huce wa a layi, sai suka buɗe Physical Review Letters a 1958 don gajerun rahotanni masu gaggawa. Da uwar ta yi ƙiba har ba ta ɗaukuwa, a 1970 suka raba ta huɗu, A, B, C da D, kowane fanni da tasa, E ta biyo baya a 1993. Ba su miƙa wa wani kamfanin kasuwa ba, editocinsu na cikakken lokaci suka ɗauka suna biyansu albashi. Akwai ma tsohon barkwanci a tsakaninmu, wai in aka ci gaba a haka, kundayen Physical Review za su riƙa cika kanta da gudun da ya fi na haske, kuma wai hakan bai saɓa wa Einstein ba tunda babu wani bayani da ke tafiya a ciki.

Amma abin da ya sauƙaƙa mana rayuwa ba mujalla ba ce. A 1991 Paul Ginsparg ya buɗe arXiv a Los Alamos, inda kake ajiye daftarinka kowa ya karanta kyauta tun kafin a tantance. Daga baya ya koma hannun Cornell, kuma abin da ake zubawa a wata ya haura 20,000. Ni da safe can nake fara dubawa. Mujalla ta zama wurin buga hatimi, ba wurin jin labari ba.

Gwanin_Lissafi
Haka ne. Perelman, masanin lissafi ɗan Rasha, a arXiv ya ajiye hujjarsa ta shahararriyar matsalar Poincaré a 2002 da 2003, bai kai wa wata mujalla ba, masana suka yi shekaru suna bi layi-layi. Sai dai gwada kai wa kwamitin ƙarin girma daftarin arXiv ka ga yadda za a dube ka.

Bilkisu_PhD
Don Allah malamai, ni tambayata ta ɗalibi ce. Wannan tantancewar da ake ta wahala a kanta, ashe ba tun 1665 ɗin ake yinta haka ba? Haka aka koya mana a darasin dabarun bincike.

Fizik_Zalla
A'a ƙanwata. Royal Society sai a 1832 ta fara neman rubutaccen rahoton masu dubawa, Nature kuwa sai a 1973 ta mai da aika wa masanan waje doka ga kowace maƙala. Ga labari mai daɗi. A 1936 Einstein da Rosen suka tura wa Physical Review maƙala suna cewa igiyoyin nauyi babu su. Edita John Tate ya aika wa mai dubawa, ya dawo da rahoto cewa akwai kuskure. Einstein ya fusata, ya rubuta cewa shi bai ba da izinin a nuna wa kowa aikinsa kafin a buga ba, ya janye maƙalarsa. Daga baya ya gane mai dubawar ke da gaskiya, ya gyara, ta fito a wata mujallar da akasin abin da ya fara cewa. Shekara tamanin bayan haka, a Fabrairun 2016, da aka sanar an gano igiyoyin, a Physical Review Letters aka buga. In Einstein na buƙatar mai dubawa, mai jadawali na ukun nan na Malam Abu ma yana buƙata.

Hajiya_Laburare
Ni daga ɗakin karatu nake magana, mu ne muke ganin rasit. Abu Sumayya, ka lura da inda kuɗin ke fitowa, shi ke nuna inda mujalla za ta karkata. A tsohon tsari laburare ke biyan kuɗin shekara. Ko kun buga maƙala hamsin ko ɗari, kuɗin kusan ɗaya ne, don haka ƙin karɓar maƙala marar kyau ba ya rage maku komai. Illarsa, wanda jami'arsa ba ta biya ba ba zai karanta ba, mu nan mun sha wannan. A sabon tsari karatu kyauta ne, marubuci ke biya. Ka ga duk maƙalar da edita ya ƙi, kuɗi ya mayar. Wanda ya ce maku ku koma duk wata da bugu na musamman ya riga ya yi wannan lissafin.

Ku dubi kamfanin ɗab'i na Hindawi. A Alƙahira aka kafa shi a 1997, Wiley ta saye shi a Janairun 2021 a kan dala miliyan 298. Bugu na musamman ya yi yawa, ana ba baƙon edita wuƙa da nama, masu sana'ar ƙera maƙalun bogi suka samu ƙofa a buɗe, wani lokaci edita da mai dubawa da marubuci duk 'yan gida ɗaya ne. A 2023 kaɗai sai da aka janye maƙalu sama da 8,000 daga mujallunsa, a ƙarshen shekarar Wiley ta ce ta daina amfani da sunan. A shekarar ce adadin maƙalun da aka janye a duniya ya haura 10,000 karo na farko. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran.

Injiniya_Tanko
Hajiya, na ji. Amma kada a mai da ƙungiyoyi waliyyai. American Chemical Society ƙungiyar masana ce, ba ta neman riba a takarda. Ita ce ta kai Sci-Hub, shafin da ke raba maƙalu kyauta ba da izinin masu su ba, kotu, aka yanke mata diyyar dala miliyan 4.8 a 2017. Ita ce kuma a 2023 ta fito da cajin dala 2,500 ga wanda yake son ajiye kwafin maƙalarsa da aka karɓa a fili nan take ba tare da jira ba. Kwafin aikinka fa! To mene ne bambancinta da kamfani? Aƙalla shi kamfani bai ce maka shi ɗan'uwanka ba ne.

Hajiya_Laburare
Ban ce waliyyai ba ne, Injiniya. Bambancin shi ne shugabannin ƙungiya zaɓensu ake yi, za ka iya miƙewa a taron shekara ka ce ba ka yarda ba. Je ka miƙe a taron masu hannun jari mu gani.

Bilkisu_PhD
Tunda an zo maganar kuɗi, bari in faɗi nawa. Sashenmu ya ce sai da maƙala biyu kafin a ba ni ranar kare digiri. Ta farko wata mujalla mai kyau ta karɓa bayan gyara sau biyu, na yi murna har na kira mahaifiyata. Washegari sai ga takardar biya, dala 2,000, lokacin dala ta haura naira 1,500. Sama da miliyan uku ke nan. Na rubuta neman rangwame, suka rage rabi, rabin ma bai samu ba. Ta biyun kuwa wani abokin karatu ya nuna mini wata mujalla, na tura ranar Talata, ranar Juma'a aka ce an karɓa, ko waƙafi ba a taɓa ba. Na biya kuɗi kaɗan, ta fito. Yau ina jin kunyar sa ta a takardun neman aiki. In mujallun ƙungiyoyinmu na gida ma suka koma dala, irinmu ina za mu?

Dakta_Maryam
Sannu Bilkisu, ba ke kaɗai ba ce. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar bogi mai kurakurai da ɗalibin aji ɗaya zai gani, ya tura wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta buga labarin, ita ma ta ƙungiya ce, AAAS. Ki cire waccan daga jerinki, ki bar ta farkon in ta samu fitowa. Ɗaya mai kyau ta isa a kira ki hira.

Ɗan_Maradi
Mu nan CAMES ka yi muna ƙarin girma, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta na Wagadugu. Takardunka ƙasar waje za su tafi, mutanen da ba su san ka ba su duba, wanga yana da kyau. Amma ƙidayar maƙala tana nan. Kuma ga wahala biyu: ka yi bincike, ka rubuta da Faransanci, in kana son duniya ta gani sai ka biya mai fassara zuwa Ingilishi, sannan ka biya kuɗin bugawa. Nature ta sa yuro 9,500 ga mai son a buɗe maƙalarsa kyauta a 2021. Ku buga da sefa, miliyan shida da 'yan kai. Da wanga kuɗi sai in sayi kayan awo na shekara uku.

Sarkin_Zolaya
Ni dai tun da na ga ɓeran nan na daina mamakin komai. Fabrairun 2024, a wata mujallar Frontiers, zanen ɓera da ƙirƙirarriyar basira ta yi, da wani sashe na jikinsa da ya fi shi kansa girma, ba zan faɗa ba akwai iyayenmu a nan. Rubutun da ke jikin zanen ma ba kalmomi ba ne, shirme ne. Edita ya gani, masu dubawa sun gani, ta fito. Sai da mutanen intanet suka yi ta dariya aka janye ta cikin 'yan kwanaki. Malam Abu, in kun koma duk wata ku tanadi ɓeranku.

Gwanin_Lissafi
Ai ɓeran gara shi, ana ganinsa. Guillaume Cabanac na Jami'ar Toulouse da abokansa sun gano dubban maƙalu da aka sato aka bi da manhajar sauya kalmomi don kada a kama. Inda ya kamata a ce ciwon dajin mama sai ka ga an rubuta abin da ke nufin hatsarin ƙirji. Wannan ta tsohuwar manhaja ce. Ta yanzu Turancinta ya fi nawa kyau.

Abu_Sumayya
Wallahi Gwani ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Watan jiya na samu maƙala Turanci sumul kamar an goge da dutsen guga. Na ɗauki madogara biyar daga jerin ƙarshe na nema, uku babu su a duniya. Sunayen marubutan na gaske ne, mujallun na gaske, maƙalun ne ba a taɓa rubuta su ba. Na kira marubucin, ya ce ɗalibinsa ne ya haɗa jerin. Awa biyu ta tafi a kan wannan kaɗai, da datata, da man janaretona.

Injiniya_Tanko
To ka gani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai kana yi kyauta, mai dubawa kyauta, marubuci ma biya yake. Ribar sashen ɗab'i na uwar kamfanin Elsevier ta fi kashi 30 cikin ɗari shekara da shekaru. Shi ya sa na ce ku karɓi kasonku, aƙalla a saya maka fetur.

Dakta_Maryam
Injiniya, na dawo kan tambayata ta farko, don ita ce amsar maganarka. A 2015 editocin Lingua, mujallar kimiyyar harshe, suka yi murabus gaba ɗaya saboda rikicin farashi da Elsevier. Sunan na kamfani ne, suka bar shi suka buɗe Glossa daga sifili. A Afrilun 2023 editoci sama da 40 na NeuroImage suka fice saboda kamfanin ya ƙi rage kuɗin bugawa na dala 3,450, suka buɗe Imaging Neuroscience tare da MIT Press. Su manya ne, jama'arsu ta bi su. Amma suna, da tsofaffin kundaye, da ma'aunin tasirin mujallar (makin da ke nuna yawan ambaton maƙalunta) da suka yi shekaru suna ginawa, duk suka bar wa mai gida. Ƙungiyar da ta riƙe sunanta kuwa, in kwantiragi ya ƙare sai ta ɗauki kayanta ta koma wani wurin. Haɗa kai da kamfani ba haramun ba ne, ƙungiyoyi da yawa na yi. Haya ake bayarwa, ba a sayar da gidan gado.

Hajiya_Laburare
Kuma ba hanya biyu kaɗai ba ce. Akwai tsarin da Annual Reviews ta fara: laburare su ci gaba da biyan kuɗin shekara yadda suka saba, in kuɗin ya isa sai a buɗe kundin shekarar ga kowa, marubuci bai biya ko sisi ba. Maɗaba'ar European Mathematical Society na yin haka, Royal Society ma ta sanar za ta bi wannan hanya daga 2026. Sai dai wannan na mai masu biya ne tun asali, ku ba ku da su. Wanda ya fi kama da halinku shi ne na Brazil, inda dandalin intanet na SciELO tun ƙarshen shekarun 1990 ke ɗaukar mujallun gida da kuɗin hukuma. A nan Afirka akwai AJOL, dandalin da ke tattara mujallun nahiyar a intanet, tun 1998, kuma mujallun Najeriya ne suka fi yawa a ciki. Manhajar tafiyar da mujalla ta OJS kyauta ce, za ta raba ka da bin maƙala a imel. Ku nemi shiga DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta. Scopus ma ku da kanku za ku iya nema, kwamiti ne ke dubawa, babu kamfanin da ke da ikon yi maku alkawarinta.

Farfesa_Shiru
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni ina zama a kwamitin ƙarin girma, kuma laifin da kuke ta rabawa tsakanin kamfani da ƙungiya, kaso mafi tsoka namu ne. Ana kawo mana fayil ashirin a zama ɗaya, kowanne da maƙalu talatin ko arba'in. Wa zai karanta? Ƙirgawa muke, mu ba da maki: wannan ta waje ce, wannan ta gida ce, wannan shi ne marubuci na farko. Yaro ya gane abin da muke ƙirgawa, sai ya yanka bincike ɗaya gida huɗu kamar tsire, ya sa sunan abokinsa, abokin ya sa nasa. Su suka cika akwatin Abu Sumayya. Na taɓa zaunawa da fayil ɗin wani na karanta da gaske, na tarar samfurin ruwan rijiya guda goma sha biyu ne suka haifi maƙala biyar: ɗaya ta gubar dalma, ɗaya ta ƙarfe, ɗaya ta damina, ɗaya ta rani, ɗaya ta kwatanta damina da rani. A ƙa'idarmu bai yi laifi ba, ya samu makinsa.

Wasu sun gwada toshe ɓarakar daga sama. Hukumar tallafin bincike ta Jamus, DFG, a 2010 ta ce mai neman tallafi kada ya jero fiye da maƙala biyar a tarihin aikinsa, ya zaɓo mafi kyau. A Disambar 2012, a taron American Society for Cell Biology a San Francisco, aka tsara sanarwar DORA, cewa a daina auna mutum da ma'aunin tasirin mujallar da ya buga a ciki. Ku lura, ƙungiyar masana ce ta jagoranci wannan. China a 2020 ta hana jami'o'inta biyan ladan kuɗi a kan kowace maƙala. Na kawo shawarar maƙala biyar a majalisarmu, wani abokina ya ce in aka bar ƙidaya aka koma karatu, son kai da sanayya za su shigo, lamba ba ta san ɗan wa kake ba. Ban samu amsar da zan ba shi ba har yau.

Sarkin_Zolaya
Ranka ya daɗe, ai an bar ta shida a ƙasa: ta kwatanta rijiyar gabas da ta yamma.

Fizik_Zalla
Farfesa, Peter Higgs da kansa ya faɗa a 2013, shekarar da ya samu Nobel, cewa a tsarin yau da wuya a ɗauke shi aiki, don ba za a ga yana fitar da maƙalu da yawa ba. Amma abokin naka ma yana da hujja, a wurinmu dai.

Abu_Sumayya
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dakta Maryam, na nemo layin, yana shafi na goma sha ɗaya. Suna da duk kundayen baya za su koma hannun kamfanin, kuma su ke da ta cewa wajen naɗa babban edita bayan shekara biyu. Na tura wa shugaba hoton shafin, ya kira ni nan take. Ma'aji kuma ya ce to in mun ƙi, da me za mu biya kuɗin shafin intanet na baɗi, tunda rabin mambobi ba su biya kuɗin shekara ba? Wannan ma gaskiya ce.

Tsohon_Edita
Ku mayar masu da martani, kada ku ce a'a kai tsaye. Suna naku, edita naku, shekara uku ko biyar a sake zama, ɗan gida ya biya da naira, ba bugu na musamman sai wanda kwamitinku ya tsara. In sun gudu kun san abin da suka zo nema. Sannan kai ma ka rage wa kanka kaya: duk maƙalar da ka ga ba za ta kai ba, ka mayar cikin mako guda da layi uku na dalili, kada ka ɓata mai dubawa a kanta. Manyan mujallu mafi yawan abin da suke ƙi a teburin edita suke ƙin sa. Za a zage ka, wani ma zai kai ƙararka wurin shugaba. Ni an taɓa biyo ni har masallacin Juma'a.

Injiniya_Tanko
Ba za su yarda da naira ba, ku rubuta ku ajiye. Ni dai ina kan bakata, amma batun sunan na sallama wa Dakta.

Bilkisu_PhD
Malam Abu, in kuna karɓar wanda bai kare digiri ba, ni zan iya duba maku jerin madogara, in tabbatar kowace tana nan. Na iya wannan.

Ɗan_Maradi
In akwai ta kimiyyar ƙasa ko ruwa, turo mini guda a wata. Guda fa, ba tara ba.

Abu_Sumayya
Na karɓa hannu bibbiyu, ku duba saƙonku na sirri. Hajiya, OJS ɗin nan, sai mun nemi mai kwamfuta ko ni ma zan iya ɗora ta? Taron kwamiti ranar Asabar ne, ina so in je da ko da farashin masaukin shafi a hannu.